Lamba Sittin da Faɗuwar Rana

Kwana bakwai aka ba Gwaggo. Takardar shafi ɗaya ce, sakin layi uku. Na farko ya ce ta saɓa umarnin kamfani har sau uku. Na biyu ya ce ta amsa kuskurenta. Na uku alkawari ne cewa ba za ta sake taɓa lambar sauri ba sai da izinin manaja. A ƙasa an bar mata wurin sa hannu. In ta sa, ta koma kujerarta. In ta ƙi, ta miƙa katin shiga ofis ta tafi gida, alhali saura shekara uku ta yi ritaya.

Ni na kai mata takardar har gida, don ni ɗan wanta ne, kuma ofishinmu ɗaya. Lissafin da ya jawo takardar ma ni na yi shi. Wata guda ke nan da faruwar abin, amma har yanzu in firintar ofis ta fara ƙara sai ranar ta dawo mini sabuwa.

Gwaggo ƙanwar babana ce, ita ce autar ɗakinsu. Aikinta tsara tafiyar jiragen sama a wani ƙaramin kamfani mai jirage biyar. Mutane da yawa ba su san da irin wannan aiki ba. Ko a danginmu akwai masu zaton tikiti take sayarwa, shekara da shekaru suna roƙonta ragi. Kafin jirgi ya tashi, sai wani ya zauna a ƙasa ya fitar da hanyar da zai bi, da tsayin da zai hau, da iskar da zai tarar, da nauyin da zai ɗauka, da yawan man da za a zuba masa. Ya buga takardar tafiya ya sa hannu, matuƙi ya karanta shi ma ya sa nasa. Gwaggo takan ce hannayen nan biyu ne ke ɗaga jirgi, injin taimako kawai yake yi.

Tana da shekara ashirin da biyu aka ɗauke ta akawu a wani ƙaramin filin jirgi da ke can ƙarshen hanyar kamfanin. Titin sauka ɗaya ne, babu fitilu a gefensa, har yau kuma ba a sa ba. Dokar wurin ba ta da wuyar fahimta: rana ta faɗi, fili ya rufe, ba sauka ba tashi. Shekara huɗu ta yi a can. Ita ce mai duba tikiti, ita ce mai auna jakunkuna, kuma ita ce wadda ake turawa ɗakin jira ta gaya wa fasinjoji cewa jirginsu ya juya ya koma saboda ba zai riski rana ba. Ɗakin jiran benci shida ne da fanka ɗaya mai juyi kamar an yi mata dole. Masu zama a kai wasu sun yi awa uku a mota kafin su iso, wasu da takardar ganin likita ta washegari a aljihu. Ta ce a nan ta koyi jin zagi da murmushi, kuma a nan ta rantse in Allah ya sa ta zama mai tsara tafiya, ba za ta riƙa tura wata yarinya ta tsaya a gaban bencin nan ba.

A can ne ta fara rubutu a littafin makaranta mai layi-layi. Kullum takan rubuta lokacin da rana ta faɗi, da lokacin da jirgi ya sauka, da abin da ya jinkirta shi. Da aka dawo da ita babban ofis ba ta daina ba. Ta yi karatun aikin tana goyon 'yarta ta biyu, ta ci jarrabawa, ta karɓi lasisi. Mijinta malamin makaranta ne, ya rasu 'ya'yan ba su gama firamare ba. Ta riƙe su ita kaɗai, ta aurar da babbar, ƙaramar tana aikin jinya. Littattafan kuwa sun kai goma sha ɗaya, duk da fensir, don a cewarta wanda ke rubutu da biro bai san iska tana canza ra'ayi ba. Daga nan matuƙa suka sa mata Mai Fensir.

Ofishinmu ɗaki ne marar taga a saman rumfar gyaran jirage. Tebur huɗu, agogo biyu a bango, butar shayi, da firintar da ke tauna takarda in an matsa mata. A teburin Gwaggo akwai gwangwanin fensira da abin fiƙe da ta ɗaure da zare a ƙafar teburin, saboda an sha ɗauke mata. Duk lokacin da makanikai suka tayar da inji a ƙasa, fensiran sai su yi ta rawa a cikin gwangwanin.

Na gama digiri a lissafi, na yi shekara biyu ina zaune a gida. Baba ya yi mata magana. Ta ce masa ita ba ta roƙon alfarma, amma ranar kaza za a yi jarrabawar ɗaukar aiki, in ɗansa yana da kai ya zo ya nuna. Na ci. Ranar da na fara aiki na durƙusa zan gaishe ta yadda na saba, sai ta ce in tashi kada a ɗauka wani abu na yar a ƙasa.

"A nan babu Gwaggo," in ji ta. "Gwaggo tana gida tana jiranka da bulala. A nan Madam ce. Kai kuma Mai Digiri."

Sunan ya bi ni har wurin masu gadi.

Ita ta koya mini lambar sauri, a mako na na farko, tana fiƙe fensir. Ta ce in ɗauka na yi hayar mota da direbanta, ana caji na da awa, amma man nawa ne. In na ce direba ya taka, na ƙona mai. In na ce ya lallaɓa, awoyi sun ƙaru. Jirgi ma haka yake. Kowane minti a sama ana biyan matuƙa da ma'aikatan ciki, injin yana matsowa kusa da ranar da za a kwance shi a gyara, waɗanda suka ba mu hayar jirgin suna ƙirga awoyinsu. Kowane ƙarin gudu kuma yana shan mai. Sai kamfani ya auna tsadar minti ɗaya da tsadar kilo ɗaya na mai, ya fitar da lamba guda. Mai tsara tafiya ya rubuta ta a takarda, matuƙi ya shigar da ita kwamfutar jirgi, kwamfutar ta zaɓi gudun da za a yi bayan an gama hawa. Ƙaramar lamba tana ce wa jirgi mai ya yi tsada, bi a hankali. Babbar lamba tana cewa lokaci ya fi mai tsada, ɗaga ƙafa. Kamfaninmu shekara da shekaru a talatin da biyar yake, mai tsara tafiya kuma yana da ikon ƙarawa ko ragewa in ya ga dalili.

Na tambaye ta ko matuƙi ba zai iya canza lambar da kansa a sama ba. Ta ce zai iya, amma da man da aka zuba masa a ƙasa zai yi gudun, kuma babu gidan mai a cikin gajimare.

Ina wata na biyar mai ya yi tashin gwauron zabo. Aka kawo sabon manajan ayyuka. Ba mugun mutum ba ne, kuma ba ƙarya yake yi ba da ya ce kamfanin yana numfashi da ƙyar. Sai dai komai aka kawo masa, tambayarsa ɗaya ce, kilo nawa. Kafin wata ya cika Gwaggo ta raɗa masa Malam Kilo, sunan kuma ya kama kamar wutar daji. Ya kafa allo a ƙofar ɗakin matuƙa, duk ƙarshen mako ana jera sunayensu daga wanda ya fi ƙona mai zuwa wanda ya fi tsimi. Manyan mutane masu furfura suka koma leƙen allo kamar 'yan makaranta ranar sakamako. Ba wanda ke son neman ƙarin mai, don a sunansa za a rubuta.

Da ya ji akwai mai digirin lissafi a ɗakin da ba taga, sai ya kira ni ya ce in sake auna lambar da farashin yau. Na yi sati uku a kai. Na tara tafiyoyin shekara guda, na haɗa albashi da gyara da haya a gefe ɗaya, mai a ɗaya gefen. Amsa ta fito goma sha ɗaya. Ya ce a mai da ita goma don sauƙin tunawa. Ba zan ɓoye ba, a ranar kaina ya kumbura.

A taron da aka yi na tsaya gaban allo ina nuna zane-zane. Kowace tafiya za ta ƙaru da minti biyar ko shida kacal, man da za a tsimi a shekara kuwa zai cika motocin mai da dama. Aka tafa. Gwaggo tana can baya da littafinta a cinya. Ta ɗaga fensir.

"Mai Digiri, a wane layi ka sa faɗuwar rana?"

Wasu suka yi dariya. Na ce na yi amfani da matsakaicin shekara gaba ɗaya. Ta ce ita dai a shekarunta ba ta taɓa ganin ranar da ta faɗi a matsakaici ba. Manaja ya yi murmushi ya ce Madam ta kwantar da hankalinta, ai sannu ba ta hana zuwa. Ta ce ya ƙarasa karin maganar mana, tun da shi ya ɗauko ta. Bai ƙarasa ba. Washegari umarni ya fito: lamba goma ga kowace tafiya, canji sai da izinin manaja.

Wata uku ba abin da ya faru. Lokacin doguwar rana ne. Gwaggo ta bi goma kamar kowa, har ta ce mini a gida, ba a ofis ba, cewa a tafiyoyin safe na yi gaskiya, tun tuni ya kamata a rage. Na riƙe maganar kamar lambar yabo.

Sai rana ta fara gajarta. Jirgin da ke zuwa ƙaramin filin nan ba shi kaɗai yake zuwa ba, tafiya uku yake yi tun safe, ta huɗu ce ke kai shi can. Dole ya sauka, a sauke mutane da kaya, a ɗora wasu, ya tashi kafin rana ta faɗi. In bai tashi ba sai ya kwana, kuma a can babu makanikin da zai duba shi da safe ya sa hannu, sai an tura wani a mota. Ke nan tafiyoyin washegari sun rushe, fasinjoji wajen saba'in na can sun kwana a benci, na nan kuma sun cika ofis da hayaniya. Minti biyar a tafiya ɗaya ba komai ba ne. A tafiya huɗu minti ashirin ne, kuma minti ashirin ɗin nan su ne ɗan sararin da aka bari a jadawali don jinkirin yau da kullum. Lissafina ya cinye su ban sani ba.

Karo na farko Gwaggo ta fara da bin doka. Jirgi ya makara da safe, ta kira manaja ta nemi izinin ƙara lamba. Ya ce a gaya wa ma'aikatan ƙasa su yi sauri, ba sai an ƙona mai ba. Ta ajiye waya, ta dubi littafinta, ta rubuta sittin a tafiya ta uku da ta huɗu, ta ƙara mai kilo ɗari biyu da hamsin. A gefen takardar ta rubuta cewa ƙarin daga mai tsara tafiya ne, kada a ɗora wa matuƙi a allo. Aka yi mata gargaɗin baki. Bayan kwana tara ta sake, wannan karon ba ta ma kira ba. Aka ba ta gargaɗi a rubuce. Ta ninke shi ta sa a ƙarƙashin ƙafar teburinta da ke gurgunta, ta ce ga shi ya yi amfani.

Karo na uku ranar Laraba ce, ina ofis. Ƙofar kaya ta ƙi rufuwa da safe, jirgi ya tashi da jinkirin minti ashirin da biyar. Matuƙin ranar shi ne wanda ake kira Dogo, tsohon hannu, shi da Gwaggo sun shekara ashirin suna tsokanar juna. Da azahar ya kira ta rediyon kamfani ya tambayi ko Mai Fensir tana da wata addu'a da za ta ba shi. Ta ce addu'a sai ya nemi limami, ita lamba gare ta. Ta buɗe littafin bara da na bana ta jera su. Ta ce mini a zango na uku motar mai ɗaya ce tal, kuma duk ranar da muka makara haka, jirgin wani kamfani yakan riga mu kama ta, don haka akwai wani kwata na awa da zai tafi wanda kwamfuta ba ta san da shi ba. Rana kuma yau a can ƙarfe shida saura minti takwas za ta faɗi.

Na ce mata a hankali, Madam, wannan ne na uku. Na ce ko a kira shi, ko don a fita haƙƙi.

"Na kira shi sau ɗaya, ya ba ni amsa," in ji ta. "Amsar ba ta canza ba, rana ma ba ta canza ba. Miƙo mini takarda."

Ta rubuta sittin. Ta sa hannu, irin sa hannunta mai dogon wutsiya. Firinta ta tauna shafin farko, ta buga mata tafi a gefe, ta fitar da na biyu.

Motar man ta jinkirta mu minti goma sha shida. Dogo ya sauka a ƙaramin filin biyar da minti goma sha takwas. Daga nan ɗakin ya yi tsit, sai rawar fensira a gwangwani. Sauran abokan aikin suka daina abin da suke yi. Ni na rasa inda zan sa ido in ba agogon bango ba. Gwaggo ta haɗa shayi ta zauna tana kurɓa. Akawun can, wata yarinya mai muryar tsoro, ta kira ta ce akwai tsoho a keken guragu, hawa da shi zai ɗauki lokaci. Gwaggo ta ce mata a fara hawa da shi, jakunkuna su biyo, kuma ta daina gudu kada ta faɗi, akwai lokaci. Ta ajiye wayar ta dube ni ta ce babu lokacin, amma in an gaya wa yarinya haka sai ta rikice.

Shida saura minti goma sha biyu muryar Dogo ta shigo. Ya ce ya bar ƙasa, kuma a gaya wa Mai Fensir ranarta tana nan ja wur a gefen dutse, bai taɓa mata ita ba. Minti huɗu ya rage. Ɗaya daga cikin abokan aikin ya yi hamdala da ƙarfi. Gwaggo ta rubuta lokacin a littafi, ta wanke kofinta.

Kafin in tashi daga aiki na zauna na sake lissafin tafiyoyin biyu da lamba goma. Da Dogo ya tashi shida da minti ɗaya, wato minti tara bayan an rufe fili. Ma'ana da bai tashi ba. Na buga shi a rabin shafi, na ninke na sa a aljihun riga.

Ranar Litinin aka zauna kwamiti. Mutum uku ne, manaja da matar ofishin ma'aikata da shugaban matuƙa. Aka kira ni a matsayin wanda ya yi lissafin. Manaja ya yi magana a natse. Ya ce shi ba ya shakkar ƙwarewar Madam, amma in kowane mai tsara tafiya zai riƙa bin littafinsa na makaranta, to babu amfanin umarni. Ya ce sau ukun nan duk jirgi ya tashi lafiya, ba abin da ya faru, don haka babu shaidar cewa ƙarin man ya zama dole.

Gwaggo ta ce wannan shi ne ciwon aikinta tun farko, ranar da ta yi daidai ba abin da ake gani. Ta ce lasisin da ke jakarta ba kamfani ya ba ta ba, kuma ba ya cewa ta sa hannu a tafiyar da ta san ba za ta kammalu ba. Shugaban matuƙa ya sunkuyar da kai yana wasa da biro. Matar ofishin ma'aikata ta ce ba a ce ta yi ƙarya ba, tsari kawai ake so a bi.

Sai manaja ya juyo gare ni. Ya tambaye ni ko akwai kuskure a lissafina.

Rabin shafin nan yana aljihuna, ina jin kaifin ninkinsa a ƙirjina. Na tuna shekara biyun da na yi a gida, da yadda Baba yake kauce wa tambayar maƙwabta. Ban cika shekara a aiki ba, ba a ma tabbatar da ni ba. Na ce babu kuskure a abin da na saka a ciki. Nan na tsaya. Ya jira, kamar yana ba ni dama in ƙara. Ban ƙara ba. Gwaggo ba ta ko kalle ni ba, fensirinta take juyawa a yatsu.

Da yamma aka ba ni takardar kwana bakwai in kai mata.

Na same ta a falo tana cire labule za ta wanke. Ta karanta a tsaye, ta ce Turancin ba laifi, ta ɗora a kan talabijin ta danne da kwalbar turare. Na fara ba ta haƙuri. Ta ce in riƙe mata kujera tukuna kada ta faɗo, ba ta son a ce baƙin ciki ne ya karya ta.

Baba ya zo a kwana na uku. Ya zauna a kujerar da ya saba, ya ƙi shan ruwan da aka kawo masa. Ya ce mata Auta, shekara uku ce fa ta rage. Ya ce takarda ce kawai, mutane nawa suka sa hannu a abin da bai kai zuciyarsu ba suka ci gaba da rayuwa. Ya tuna mata ƙaramar 'yarta da ba ta yi aure ba, da rufin ɗakin baya da ke yoyo. Ya ce ta sa hannu ta koma, in ya so ta riƙa yin abinta da dabara. Ta saurare shi har ya gama, don ba ta taɓa katse shi ba tun suna yara.

"Yaya, ka san ban taɓa ƙin maganarka ba," ta ce. "Amma hannun nan da suke so in sa a kan cewa na yi kuskure, shi ne dai matuƙa ke gani su ɗauki mutum saba'in su hau sama. In na sa shi a kan ƙarya yau, gobe Dogo ya ga sa hannuna, me zai sa ya yarda?"

Baba ya ce taurin kanta na uwarsu ne. Ta ce ai shi ma ba a bola aka tsinto shi ba. Ya sha ruwan, ya tafi bai ce ya yarda ba.

Rana ta bakwai ta zo ofis da atamfar da take sawa in za ta biki. Ta gaisa da masu gadi da makanikai ɗaya bayan ɗaya. Ta shiga wurin manaja ta bar ƙofa a buɗe. Ta ajiye takardar a gabansa, wurin sa hannun fari fat, sai dai a kusurwa ta rubuta da fensir lokacin da rana za ta faɗi a ƙaramin filin a ranar. Ta ɗora katinta a kai. Ya roƙe ta ta sake tunani, kuma na yi imani da gaske yake. Da ya ga ba za ta sauya ba sai ya ce littattafan nata bayanan aiki ne, ya kamata a bar su a ofis. Ta ce ya nuna mata rasit ɗin da kamfani ya saya mata ko guda ɗaya. Ta dawo ɗakinmu, ta kwance zaren abin fiƙe daga ƙafar tebur, ta zuba littattafan goma sha ɗaya a jakar kasuwa. Takardar gargaɗin da ke ƙarƙashin teburin ta bar ta, ta ce wanda zai gaje ta zai buƙace ta.

Washegari na kai wa manaja rabin shafin nan. Ya karanta sau biyu. Ya tambaye ni yaushe na yi shi, na gaya masa. Ya ce me ya hana ni fito da shi ranar Litinin. Har yanzu tambayar tana tashe ni daga barci. Ya ce za a duba batun jirgin yamma a taron wata mai zuwa. Ya kuma ce in gaya wa Madam ƙofa a buɗe take, za a rage takardar zuwa layi ɗaya, ta amsa cewa ta yi kuskuren rashin neman izini, shi ke nan.

Na kai saƙon ina murna, a zatona an gama. Tana tsakar gida tana shanya. Ta tambaye ni ko kalmar kuskure tana cikin layin. Na ce tana ciki. Ta ce to in mayar masa da gaisuwa, ta ci gaba da matse zani.

Dogo ya zo gaishe ta a makon, ya ce ofis ya zama kamar asibiti, ba mai zaginsa. Wanda aka ɗora a kujerarta mutumin kirki ne, yana da 'ya'ya biyar, goma yake rubutawa. Sau biyu tun tafiyarta an soke zangon ƙarshe tun daga nan, saboda an ga ba za a riski rana ba. Jirgi bai kwana a waje ba, mai bai ƙaru ba, allon manaja ya yi kyau. Akawun can ce dai take fita zuwa ɗakin jira ta gaya wa fasinjoji.

Littattafan ba ta yarda su bar gidanta ba, amma ta ce in ina so in zo in kwafa a gabanta. Duk Asabar da hantsi ina can, a teburin cin abinci, ina shigar da shekara ashirin da bakwai na fensir cikin kwamfutata, don in je taron wata mai zuwa da layin da ta tambaye ni tun farko. Ba ta taɓa tayar da maganar kwamitin ba. Na fi son ta zage ni, amma ta ƙi. In na karanta lamba ba daidai ba sai ta ƙwanƙwasa tebur ta ce digirin nawa na haya ne.

Asabar ɗin da ta wuce, da na tashi tafiya, ta rako ni har ƙofa, abin da ba ta saba ba. Ta sa mini fensir sabon fiƙa a aljihun riga, daidai inda rabin shafin nan ya yi kwanaki.

"Ranar taronku rana za ta faɗi shida saura minti goma sha tara," ta ce. "In ya tambaye ka, kada ka tsaya a rabin magana."

Na ce to, Gwaggo. Ta ce Madam, tun da maganar aiki ce, ta rufe ƙofa.